Ƙuri'a 342: Magana Ga Malamai Da Fatake

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami gardama ce da ta tashi a zaurena wani dare bayan Isha'i, tsakanin maƙwabta biyu, dukansu kuwa 'ya'yansu suna karatu a hannuna. Shekaru sun shuɗe tun zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019, amma da anka taɓo zancensa sai ka ce jiya anka yi shi. Ɗaya ya rantse an sace musu zaɓe. Ɗayan ya rantse su anka so a yi wa sata, Allah ya tsare. Da murya ta fara hawa, har almajirai sunka bar alluna sunka zuba ido, sai na tambaye su: a cikinku wa ya tsaya a rumfarsa ranan nan har anka gama ƙidaya? Babu ko ɗaya. Wancan ya jefa tasa ya tafi fadama ban ruwan albasa, wannan kuwa ya jefa ya hau babur zuwa shagonsa. Ga mutum biyu masu salla sun rantse da Allah a kan abin da idonsu bai gani ba.

Bari in tuna muku yadda al'amarin ya gudana, don mantuwa ita ce ke ba gardama ƙarfi. An yi zaɓen ran 9 ga watan Maris, 2019. Gwamna mai ci, Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, ya tsaya a jam'iyyar PDP, abokin karawarsa kuwa Alhaji Ahmad Aliyu na APC, wanda shi ne mataimakinsa tun 2015 har sunka rabu a 2018, bayan gwamnan ya sauya sheƙa. Watau 'yan gida ɗaya ne, kowa ya san lagon kowa. Da anka tattara lissafi, Tambuwal na da 489,558, Ahmad Aliyu na da 486,145, tsakaninsu 3,413. Amma an soke zaɓe a rumfuna 136 cikin ƙananan hukumomi 22, mutanen da ke cikin rajistar waɗanga rumfuna kuwa 75,403 ne. Tun da yawansu ya ɗara tazarar da ke tsakanin 'yan takara nesa ba kusa ba, sai baturiyar zaɓe, Farfesa Fatima Mukhtar ta jami'ar Dutse, ta ce zaɓe bai kammala ba. A shekaran nan ne kalmar “inkwankulusib” ta shiga bakin kowa, har tsohuwa mai tallan fura.

An koma waɗanga rumfuna ran 23 ga watan. A wanga karo Ahmad Aliyu ya fi, ya samu 25,515, Tambuwal ya samu 22,444. Jama'a sunka kwana da rediyo a kunne ana jiran lissafin Kebbe, wadda ita ce ta ƙarshe. Da anka haɗa na farko da na biyu, Tambuwal 512,002, Ahmad Aliyu 511,660. Tsakani 342, cikin ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya.

To, fatake, ku ne ma'abuta lissafi, ku duba mini wanga. In ka raba 75,403 gida 136, kowace rumfa za ta tashi da mutum ɗari biyar da hamsin da 'yan kai. Ashe tazarar da ta naɗa gwamna ba ta kai rajistar rumfa guda ba. Har ila yau, Jihar Sakkwato mazaɓu 244 gare ta, Tozai tamu ɗaya ce daga cikinsu. Da mutum 172 kacal daga cikin waɗanda sunka dangwala wa wancan sun dangwala wa wannan, da lissafi ya juye. Ko mutum ɗaya ɗaya daga kowace mazaɓa ya isa, har da ragowa. Duk wanda ya kwanta gida ranan nan yana cewa ƙuri'ata guda me za ta yi, to ga amsarsa.

Dalilin da ya sa zaɓe mai kusa da kusa yake haifar da husuma a fili yake ga mai awo. Babu ƙidayar da hannun ɗan Adam zai yi ta kuɓuta daga kuskure. Mai auna gero buhu ɗari ya san tsaba za ta zube, wani mudun zai yi tozo wani bai yi ba, amma ba ya damuwa, don yawan kaya ya shanye wanga. Maƙerin zinari kuwa ba ya yafe ko ƙwaya, don ƙwayar ita ce cinikin. Idan tazara ta kai dubu ɗari biyu, malamin zaɓen da ya rubuta 31 maimakon 13 saboda gajiya da duhun dare bai ɓata kome ba. Idan 342 ce, kuskuren nan nasa da na 'yan'uwansa ashirin ya isa ya ba wani mulki ya hana wani. Saboda haka kowane ɓangare yakan iya nuno wani wuri da anka yi ba daidai ba, kuma ba lalle ƙarya yake yi ba. Ni ban ce ba a maguɗi a ƙasan nan ba, wanda ya ce haka ko dai yaro ne ko kuwa an biya shi. Abin da na ce shi ne, sanin ana sata a kasuwa bai ba ka ikon kama wuyan wane ka ce shi ne ɓarawon jakinka ba.

Akwai kuma abin da ban yarda da shi ba cikin wagga ƙa'ida ta soke rumfa a sake. Niyyarta mai kyau ce, watau kada a hana mutanen wuri haƙƙinsu don wani ya fasa akwati, ko don ƙuri'u sun fi yawan waɗanda anka tantance. Amma ku dubi abin da take haifarwa. Ran zaɓen farko ƙarfin kowace jam'iyya a watse yake cikin rumfuna dubbai, babu mai iya tsare su duka ko sayensu duka. Ran na biyu kuwa kowa ya san adadin da ake nema da ƙauyukan da za su bayar da shi, sai kuɗi da manya da 'yan banga su taru a kan 'yan rumfuna kaɗan kamar angulaye a kan mushe. Haka anka gani a Kano a wannan rana ta 23 ga Maris, musamman mazaɓar Gama, inda masu sa ido na Tarayyar Turai sunka ba da rahoton tashin hankali da tsoratarwa a sassan jihar. Alhaji Abba Kabir Yusuf ya shiga zagaye na biyu yana gaba da ƙuri'a 26,655, ya fito yana bayan Dokta Abdullahi Umar Ganduje da 8,982. Idan wanda ya fasa akwati ya san fasawar za ta saya wa ubangidansa mako biyu da filin kokawa ƙarami, to an ba shi lada ne a kan ɓarna. Da za a riƙa ɗaure mai fasawa da wanda ya aike shi, da ƙa'idar ta yi amfaninta.

Daga nan sai kotu. Ahmad Aliyu ya kai ƙara, kotun zaɓe ta kore ta cikin watan Oktoba 2019, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi sahu cikin Nuwamba, Kotun Ƙoli kuma ta rufe magana ran 20 ga Janairu, 2020, rana ɗaya da shari'ar Kano. Abin da dukansu sunka kafa hukunci a kai shi ne mai ƙara bai tabbatar da zarginsa da hujja isasshiya ba. Na ji malamai da dama suna tsine wa wanga hukunci, na kuwa yi mamaki, domin ƙa'idar da anka bi ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk wanda ya karanta babin hukunce-hukunce da shaida a cikin Risala ya san a kan mai da'awa nauyin kawo hujja yake, ya kuma san alƙali ba ya hukunci da “na ji an ce”. Da wani zai zo gaban alƙali ya ce duk gari an san wane ya ci gonata, sai a ce masa kawo adilai biyu daga cikin garin nan waɗanda sunka san iyakar. Haka kotun boko take nema: rumfa rumfa, da mutumin da ya tsaya a wurin, da takardar da anka rubuta a wurin. Ga lokaci kuma ƙayyadadde, kwana 21 na shigar da ƙara, kwana 180 na sauraro da yankewa. Wanda bai tanadi shaidu tun ran zaɓe ba, ba zai ƙera su cikin waɗanga kwanaki ba, sai dai na zur.

Ba ina wanke alƙalai ba ne. Mutanen Sakkwato ba su manta da shari'ar Alhaji Aliyu Magatakarda Wamakko da Alhaji Maigari Dingyadi ba, wadda ta sa anka soke zaɓen 2007 anka sake a 2008, ta kuma ja har manyan alƙalan ƙasa biyu sunka yi jayayya a kanta a bainar jama'a. Iyayenmu ma sun ga yadda anka kai lissafin kashi biyu cikin uku na jihohi 19 gaban Kotun Ƙoli a 1979, kafin a tabbatar wa Alhaji Shehu Shagari. Amma wanga shi ne ma dalilin da zai sa mutum ya ƙi bari hatsinsa ya kai can. Abin da ya kai gaban alƙali ya riga ya fita hannun talaka.

Inda yake hannun talaka shi ne rumfa, da yamma, sa'ad da anka juye akwati. A nan ake ware ƙuri'u a ƙidaya su da murya a gaban jama'a, a rubuta adadin a takardar da ake kira EC8A, baturen rumfa ya sa hannu, wakilan jam'iyyu su sa nasu, a ba kowa kwafi. Akwai kuma wani haƙƙi da mafi yawan mutane ba su san da shi ba: dokar zaɓe ta 2010 da ta 2022 duk sun ba ɗan takara ko wakilinsa, in yana wurin, ikon ya ce a sake ƙidaya, baturen rumfa kuwa ya sake, amma sau ɗaya tak. Wagga ita ce sake ƙidaya mai arha, babu lauya, babu kuɗin mota zuwa Abuja. In ta wuce, duk abin da ya biyo baya tattara takardu ne daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma zuwa jiha, kuma wanda ke riƙe da kwafinsa na rumfa shi kaɗai zai iya cewa ga inda anka canza.

Ku fatake kun fi kowa sanin wanga. Wanda ya taɓa canjin naira da sefa a Illela ko a Ƙwanni ya san ɗan canji zai ƙirga a gabanka, ya miƙo maka ka ƙirga a gabansa, in an saɓa a sake. Da zarar ka sa a aljihu ka juya baya, magana ta ƙare. Ka dawo bayan La'asar ka ce jaka guda ta yi giɓi, ko kai ne limamin gari ba mai sauraronka, ba kuwa don an ɗauke ka maƙaryaci ba, sai don ka bar wurin da gaskiya ke iya bayyana. Mu ma a tsangaya haka ne. Gardi ba ya duba satunsa da kansa, sai ya kai allo gaban wani a yi masa darasu, a kama masa wasalin da ya sha, tun tawada ba ta tsufa ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In bashin mudu goma ya cancanci marubuci da shaidu, ina ga amanar jiha guda ta shekara huɗu?

Na ga wani abu da idona a wani zaɓe, ba zan faɗi jam'iyya ko suna ba. Wakilin wata jam'iyya a rumfarmu, yaro ne da anka ɗauko don ba shi da aikin yi, ba ya karanta boko ba ya karanta ajami. Tun kafin Azahar ya sa hannu a takardar da ba a rubuta kome a kanta ba, don wai a rage aiki, sa'an nan ya tafi neman wanda zai biya shi kuɗin wuni. Har anka ƙidaya anka watse bai dawo ba. Bayan kwana uku na same shi a tasha, ya tara jama'a yana ba da labarin yadda anka yi musu aringizo, har da adadi. Ban san wanda ya fi cancantar zargi ba tsakaninsa da manyan da sunka kashe dukiya a kan fastoci da mawaƙa, sunka ɗora shi a kan ƙofar taskarsu.

Sa hannun nan da muke rainawa ya kusa kayar da gwamna. A watan Satumba 2023 kotun zaɓe ta zare ƙuri'a 165,663 daga lissafin Abba Kabir Yusuf a Kano, don ta ce takardun ba su da sa hannu da hatimin malaman zaɓe, ta ba Dokta Nasiru Yusuf Gawuna. Sai ran 12 ga Janairu, 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa da su. Wata huɗu birni yana zaune a kan ƙaya, 'yan kasuwa suna buɗe shago da fargaba, a kan abin da mai ido guda ɗaya a kowace rumfa zai iya cewa, malam, juya takardan nan mu ga bayanta kafin ka miƙa mini.

Kada kuma wani ya ce wagga cuta ta baƙar fata ce. A Amurka, a shekarar 2000, shugabancin ƙasa duka ya rataya a kan jihar Fulorida, inda George Bush ya fi Al Gore da ƙuri'a 537 cikin kusan miliyan shida. An yi ta sake ƙidaya da na'ura da hannu, ana ɗaga takarda ana hasken ta don a ga ko hudar ta fita, har Kotun Ƙolinsu ta tsayar da aikin ran 12 ga Disamba. Su ma sun zagi juna. Na'ura tana taimako, mun ga BVAS a 2023 tana tantance mutum da yatsa ko fuska, tana ɗaukar hoton takardar sakamako a aika ta intanet. Amma hoton abin da anka rubuta take ɗauka, in an rubuta ƙarya ƙarya za ta aika.

Yanzu ga maganata da 'yan'uwana malamai, kuma da kaina na fara. Mu ne ake zuwa wa da goro a ce a yi addu'a Allah ya tona asirin waɗanda sunka yi maguɗi, mu kuwa mu karɓa ba mu tambayi wa ya gani ba. Wani ya hau mumbari ya kira rabin garinsu ɓarayi, alhali a cikin rabin nan akwai ladaninsa da surukinsa. Wanda ya faɗi abin da bai gani ba da lafazin shaida ya san sunan da fiƙihu ya ba aikinsa, ko da daga baya abin ya zama gaskiya. Wanda kuma ya gani ya yi shiru don nasa ne ya amfana, ya ɓoye shaida, wannan ma da sunansa. Mafi muni shi ne wanda zai bari a kwashi almajiransa, amanar iyayensu, a sa su layi da katin da ba nasu ba, ko a ba su gora su tsaya bakin rumfa. Ranar da anka fasa kan ɗaya, ba ɗan takara ne zai je ya gaya wa uwarsa ba.

Fatake kuma, da kuɗinku ake sayen ƙuri'a a bayan rumfa, ko dai bashi kunka bayar ko gudummawa da fatan kwangila. Wanda ya saya da hannun dama ba shi da bakin kukan an yi masa sata da hannun hagu. Kun kuma san wa ke asara in gari ya rikice: kasuwar Lahadi ta Illela ba ta ci da dokar hana fita, albasa kuwa ba ta jiran hukuncin kotu.

Abin da ya fi ba ni dariya, in dariya ta halatta a nan, shi ne 2023. Ran 18 ga Maris Ahmad Aliyun nan da ya faɗi da 342 ya ci zaɓe da 453,661, Malam Sa'idu Umar na PDP ya samu 404,632. Sai maƙwabtan nan nawa sunka yi musayar riguna. Wanda ya shekara huɗu yana cewa hukumar zaɓe da kotu duk na sayarwa ne ya wayi gari yana yabon adalcinsu, wanda ya ce a bi hukuncin kotu a zauna lafiya ya koma yana cewa an saye ta. Hukumar ita ce dai, kotun ita ce dai. A daren nan na tuna musu wanga, sunka yi murmushin jin kunya, amma ban ga alamar ɗayansu ya janye rantsuwarsa ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kowace jam'iyya, in ta zo neman albarka wurin malamin unguwa, ya tambaye ta wa za ta tsayar wakili a rumfar nan, ya iya karatu da lissafi, an kuma biya shi tun da safe don kada yunwa ta ɗaga shi? Attajirin da zai ba da gudummawa ya ware kuɗin wakilai da abincinsu da fitila, don sau da yawa duhu ke riskar ƙidaya. Dattawan unguwa biyu ko uku, waɗanda kowane ɓangare ke jin nauyinsu, su jefa tasu su koma gefe inda doka ta yarda a tsaya, su yi La'asar da Magariba a nan kusa, kada su tashi sai an karanta adadi da murya an liƙa takarda a bango. Mai waya ya ɗauki hotonta, mai alƙalami ya kwafe ta ko da ajami ne.

Ni dai na gaya wa maƙwabtan nan biyu, zaɓe mai zuwa in Allah ya kai mu, zan ba almajirai hutun wuni, in ɗauki buzuna da buta da takarda, in zaunar da ɗaya a damana ɗaya a haguna har a gama. Mai albasa ya ce sai dai in ranar ba ta faɗo kan ban ruwa ba. Na ce ya nemi ɗan ƙwadago tun yanzu, ni zan biya rabi.

Haza wassalam.